Batirin laftop ya ƙi cika: a auna tukuna kafin a biya

Yau maganar batir na zo da ita. Na san wani zai ce duk abubuwan da ke damun mu a ƙasar nan yaron nan bai ga na magana ba sai batirin kwamfuta. To a yi mini uzuri, domin kuwa batirin nan ya ci mini naira dubu 28 a banza, ya kuma kusa ci mini abin da ya fi kuɗi, wato yardar mahaifina.

Baba hatsi yake sayarwa a nan Agege, wake da gero da dawa, daga Dawanau ake yo masa lodi. Tun kafin a haife ni lissafinsa a littafi yake, da ajami, kuma yawancin cinikinsa na bashi ne: matan Yarbawa masu ƙosai da alale su ɗauki buhu, su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Da na gama sakandare na zauna rumfa, sai na matsa masa lamba a sayi laftop in riƙa shigar da sunan kowa da abin da ake bin sa. Ya daɗe yana cewa a bari tukuna. Ranar da ya yarda, ya ƙirgo kuɗin ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba, na hau danfo zuwa Ikeja na sayo tokumbo, irin waɗanda aka gama aiki da su a ofisoshin Turai. Na kunna na ga ta kawo haske, na danna madannai na ga suna rubutu, na biya. Iyakar binciken da na yi ke nan.

Tun makon farko na lura cajinta ba ya wuce kashi 80. Ko ta kwana a jone, 80 ɗin nan ce. Na yi shiru ban gaya wa kowa ba. Sai ranar wata Laraba, tun safe aka ɗauke wuta, dab da magariba ga wata Iya mai alale ta zo da ɗanta, ita ta dage buhu biyu ake bin ta, yaron rumfa ya ce uku ne. Baba ya dube ni ya ce, “To malamin lissafi, duba mana.” Na buɗe, ina cikin gangarawa neman sunanta, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Baba bai yi faɗa ba. Hannu kawai ya sa ƙarƙashin buhunan da yake zama a kai ya zaro tsohon littafinsa, ashe duk watannin nan bai daina rubutawa ba. Ya buɗe, ya nuna mata, biyu ne da rabi, aka rabu lafiya. Bayan sun tafi ya ce da ni, “Nawa ba ya neman caji.” Kashi 20 ɗin nan da ta ƙi ɗauka, da ta ɗauka, da ya kai ni wajen minti 40, kuma minti biyu nake bukata.

Washegari na koma Ikeja da zafina. Na shiga wani shago na ce batirina ya mutu, nawa ne sabo. Mai shagon ya juya kwamfutar ya duba lamba, ya ɗauko sabo ya sa, na biya daga ɗan abin da nake tarawa. Na dawo gida na jona. Da asuba na duba: 80. Sabon batir fil, 80.

Da na kai maganar majalisa bayan isha'i, ba a ɓata lokaci ba aka yanke hukunci. Kawuna ya ce, “Ai sun ga aboki ne. In ba ka jin Yarbanci ko Ibo, kada ka shiga kasuwar nan kai kaɗai.” Kowa ya ba da labarin yadda aka taɓa yi masa, ni ma na ji daɗi, domin an ɗauke mini laifi an ɗora wa wasu. Na sake komawa da niyyar rigima, na tarar mai shagon bai fito ba. Wani yaro mai koyon gyara a shagon kusa, Bayarabe, bai fi shekara 17 ba, ya ce in kawo ya gani. Ya kashe ta ya kunna, ya yi ta danna wani maɓalli har ta shiga wani shafi da ban taɓa gani ba, ya nuna mini layi guda da yatsa, ya canza, ya jona caja. Muna nan zaune ta wuce 81, ta wuce 85, har ta cika. Ashe lafiyarta ƙalau. Ofishin da ya yi amfani da ita a can ne ya saita ta kada ta wuce 80. Na ba shi kuɗi ya ce in bar shi, da ƙyar ya karɓi na lemo.

To ra'ayina a nan, kuma na san ba zai yi wa majalisarmu daɗi ba, shi ne ba don ni Bahaushe ba ne na yi asarar dubu 28. Don ban auna ba ne. Mai shagon yana da nasa kaso, domin mai gyaran kirki zai duba kafin ya canza. Amma ni na shiga da bakina na ce batirina ya mutu, ga kuɗi a hannu. Wane ɗan kasuwa ne a cikinmu, in mutum ya zo ya ce a ba shi buhun wake, zai tsaya tambayarsa ko ya duba sitonsa da kyau, wataƙila akwai saura? Cuta tana nan a kasuwa, ban musa ba, kuma akwai masu ƙara farashi da zarar sun ga hula. Sai dai in muka saba da cewa duk asara ƙabilanci ne, to mun rufe wa kanmu ƙofar koyo, gobe ma haka za a yi. Wanda ya sayar mini da abin da ba na bukata ɗan kasuwar nan ne, wanda ya warware mini kyauta shi ma ɗan kasuwar nan ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu fa masu awo ne. Mutanen Legas da dama a hannunmu suke awon abinci. Yaro ɗan shekara 10 a rumfar Baba ya san in an miƙo masa derika ya juya gindinta ya gani ko an buga shi ciki. Ya san bambancin mudun da ba a cika ba da mudun da aka rage wa ciki. Amma da zarar an zo kan kayan lantarki sai mu ajiye wannan basira a gida, mu miƙa wuya. Alhali batir ma mudu ne, kuma matsalolinsa biyun nan ne dai. Ko dai mudun lafiya lau amma wani abu ya hana a cika shi, ko kuma yana cika har ya yi tozo amma cikinsa ya ragu. Wanda bai raba waɗannan biyu ba zai sayi maganin ciwon da ba shi ke damun sa ba.

Kuma awon ba wuya, ba ya bukatar intanet, ba ya bukatar mai gyara. A duk kwamfutar da ke da Windows 8 zuwa sama, ka nemo Command Prompt, baƙin shafin nan, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Za ta gaya maka inda ta ajiye rahoto, ka je ka buɗe. Layi biyu kawai za ka nema. Design Capacity shi ne girman mudun ranar da aka ƙera shi. Full Charge Capacity shi ne abin da yake iya ɗauka yau. Da na mayar da tsohon batirina na auna, na farko ya nuna wajen 48,000, na biyu wajen 41,000, wato yana da fiye da kashi 85 na ƙarfinsa. Batirin da na yi wa jana'iza ke nan. Ga shi can a cikin akwati, in na gan shi sai in ji kamar yana yi mini dariya.

Kwatanta da na malamin Islamiyyarmu. Nasa kullum yana nuna 100, yana ta yabon sa, amma in aka zare caja ko rabin sa'a ba ya yi. Muka auna: an ƙera shi a kan 44,000, saura 13,000 da 'yan kai. Wannan shi ne mudun da aka buga wa gindi. Ɗarin da yake gani gaskiya ce, amma ɗarin ƙaramin abu ce. Shi ne ya kamata ya sayi sabo, ba ni ba, kuma babu wata dabara ko manhaja da za ta dawo masa da abin da ya tafi. Batirin litiyom tsufa yake yi. Yawanci bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 za ka fara ganin raguwa a fili, wasu masu kyau su kai 1,000. Tokumbo kuwa ta riga ta ci shekarunta a hannun wani kafin ta hau jirgin ruwa.

Saboda haka in naka ya ƙi cika, fara da duba a ina yake tsayawa. In kullum a lamba ɗaya yake cijewa, 60 ko 80 cif, ba ƙari ba ragi, to da wuya ciwo ne, domin ciwo ba ya san lamba mai kyau haka. Saiti ne. Kamfanoni da gangan suke sa shi. A Lenovo yana cikin manhajar Lenovo Vantage da sunan Conservation Mode, tsofaffi suna tsayawa wajen 55 zuwa 60, na baya-bayan nan wajen 75 zuwa 80. A ASUS yana cikin MyASUS, ka zaɓi 60 ko 80 ko 100. A Dell ana shiga BIOS da F2 lokacin kunnawa, a nemi wurin saitin cajin batir. A HP na ofis irin su EliteBook da ProBook ana shiga da F10, a nemi Battery Health Manager. Su ma MacBook sukan dakata a 80 su jira. Kuma a lura, abin da aka saita a BIOS ba ya gogewa don an sake wa kwamfuta Windows, shi ya sa 'yan kasuwa ke wanke tokumbo tas amma saitin ofishin Bature ya biyo ta har Agege. Haka nan in ka ga 96 ko 98 ta ce a jone take amma ba ta caji, rabu da ita. Da yawa ba sa sake ɗauka sai sun sauko ƙasa da 95, don kada su yi ta ɗan kurɓa ba dalili.

In kuwa ba lamba ɗaya ba ce, yau 43 gobe 70, ko tana hawa kamar hawainiya, ko kana aiki a jone amma cajin raguwa yake, to ka tuhumi caja kafin batir. A nan ne muka fi cutar kanmu. Mutum zai sayi kwamfutar dubu ɗari biyu, cajarta ta ƙone, sai ya sayi ta dubu uku a hannun mai talla a gosulo. Juya cajarka ka karanta. Za ka ga bolt da amfiya, ka ninka su, shi ne wat. Bolt 19.5 sau 2.31 wat 45 ke nan, 19.5 sau 3.33 wat 65, 19.5 sau 4.62 wat 90. In kwamfutarka mai bukatar 65 ce ka ba ta 45, abin da ke shigowa ita za ta cinye, batir ya samu ragowa in akwai. Ƙari a kan haka, cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, ta nan kwamfuta ke gane wace caja ce aka jona mata. In allurar ta lanƙwashe ko ta karye, ko cajar jabu ce, kwamfutar za ta iya kunnuwa amma ta ƙi ba batir ko ɗigo. A Dell in ka shiga BIOS za ka ga ta rubuta ba ta san cajar ba. Gwajin kuwa kyauta ne: ari caja ta asali irin taka a wurin maƙwabci na minti 20. In ta hau, ka gama bincike. In sai ka murɗa wayar ko ka tokare bakin da littafi sannan take ɗauka, ko wayar ta tsinke a ciki ko ramin cajin ya saki, aikin mai gyara ne amma ƙarami.

Sai zafi, wanda mu a nan ba ma ɗaukar sa a bakin komai. Batirin litiyom ba ya son caji in ya haura digiri 45 ko kusa da haka, kuma akwai ɗan allo a cikinsa da zai yanke cajin don kare kansa. Ka ɗauki rumfar kwano da azahar a watan Maris, ka ɗora laftop a kan buhun gero ko katifa inda iska ba ta shiga ta ƙasa, ga ƙurar hatsi ta toshe fanka. Ba sai an kira boka ba. Ɗora ta a kan katako, ɗaga bayanta kaɗan, a busa mata ƙura, ka gwada caji da daddare ko da sassafe ka ga bambanci.

Akwai kuma lokacin da batir lafiya, caja lafiya, lissafin kwamfutar ne ya rikice, ta nuna 30 sai ta mutu, ko ta maƙale a 90 da wani abu. Nan sai ka kashe ta, ka zare caja, in batirin mai cirewa ne ka cire, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, ka mayar. In bai yi ba, ka cika ta iyakar inda za ta kai, ka yi aiki da ita har ta mutu da kanta, ka sake cikawa ba tare da ka katse ba. Sau ɗaya ake yin wannan don lissafi ya daidaita, ba kullum ba. Maganar da ake yi cewa dole a riƙa ƙarar da batir tas kafin a yi caji ta tsofaffin batura ce na nikel, ga litiyom illa ce. In duk an yi wannan yana nan yana tsalle, to wataƙila ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke ciki ta gaji. A jere suke, mai rauni takan riga sauran cika ta kuma riga su ƙarewa, allon ya tsayar da kowa saboda ita. Wannan sai canji. Kuma don Allah, in ka ga wurin da ake goga yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ya kumbura ke nan. Kada ka jona, kada ka danna, kada ka huda, kada ka kwana da shi kusa da buhuna. Wuta yake kamawa. A 2006 sai da Dell ta janye batura sama da miliyan 4 saboda haɗarin gobara, kuma waɗannan na asali ne, ba na gosulo ba.

Yanzu ga inda na saba da masu ba da shawara a intanet. Kusan duk inda ka duba za a ce maka ka bar saitin 80 ɗin nan, shi ne lafiyar batir. Gaskiya ne batirin da ke zaune a cike kullum, ga zafi, ya fi saurin tsufa. Amma wa aka yi wa saitin? An yi shi ne don ma'aikacin da kwamfutarsa ke jone a tebur daga Litinin zuwa Juma'a, wutarsa ba ta ƙiftawa, batirinsa ba ya aikin komai sai zama. Mu kuwa namu batirin shi ne wutar. In an kawo ta sa'a uku a yini, batirina ba ya samun sukunin zama a 100 ɗin ma balle ta tsufar da shi, ana cika shi ana sha. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto don cajin kwamfuta ya zama abin da sai an yi shawara. In na samu wuta na bar kashi ɗaya cikin biyar na mudu ba a cika ba, don in tsawaita ran batir da wasu watanni, alhali yau da magariba zan rasa lissafin Baba, to na yi arahar da ta fi tsada. Ni dai nawa a 100 yake.

Amma ba kowa zan ba wannan shawara ba. Abokina mai shagon buga takardu da POS a bakin titi yana da sola da inbata, laftop ɗinsa a jone take daga safe har dare. Shi na ce masa ya kunna saitin, ya bar ta a 80, domin shi ne ainihin wanda aka yi abin dominsa, kuma batura biyu ya riga ya kumbura a shekara uku. Tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce, sa'a nawa kwamfutata ke yi a jone bayan ta cika? In da yawa ne, rage mudu. In kana farautar wuta ne kamar ni, cika shi har tozo. Abu ɗaya da ya haɗa mu duka: in an ɗauke wuta ka zare caja daga soket, domin dawowarta da ƙarfi ita ke ƙone cajoji, daga nan kuma sai gosulo.

Ga wanda zai je sayen tokumbo kuma, kafin ka ƙirga ko sisi, ka ce a ba ka minti biyar. Rubuta layin nan guda, duba lambobin nan biyu a gaban mai kaya, raba ta biyu da ta farko. In ta gaza rabi, ko a rage maka kuɗin batir ko a sa maka wani. Karanta cajar ka ga wat ɗinta, jona ka tabbatar lambar tana hawa. Na raka ƙanin abokina makon jiya mun yi haka, mai shagon ya dube ni ya ce shi bai san aboki ya iya wannan ba, ya kuma rage naira dubu 15 ba tare da gardama ba.

Shi kuwa Baba har yanzu littafinsa yana ƙarƙashin buhu, kuma na daina jin haushin hakan. Yanzu duk Juma'a bayan sallah muna zama, shi da littafi ni da laftop, yana karantowa ina dubawa. Makon da ya wuce na kama masa kuskuren rabin buhu a lissafin wata mai ƙosai. Ya gyara da bironsa, ya ɗan leƙo fuskar kwamfutar ya ce, “Nawa ya rage mata?” Na ce 64. Ya ce, “To ci gaba.”